Na Tulu da Na Gajimare

Tahani ta dawo daga makaranta, takalmi a hannu,
baƙar lakar Gadarif ta kama ta har idon sawu.
Ta ce, "Kaka, harshenku matalauci ne.
Larabci ya raba su: na tulu moya, na gajimare maɗara.
Ku kuwa wannan ruwa, wancan ruwa."

Na soke basilla a buhun riɗin da nake ɗinki.
Na ce, "Maɗarar nan taki, kunnena madara yake ji."
Ta yi dariya, amma ba ta janye maganarta ba.

To zauna, jikata, kwano bai daina kiɗa ba.

Ba mu raba su ba don ba su rabu ba.
Wanda ya sauko jiya shi ne a rijiya gobe,
shi ne a buta da asuba,
shi ne zai bi ta jikina ran da za a sallace ni.
Wa ke sauya wa ɗansa suna don ya sauko daga soro?

In an matsa mana mu bambanta, mu ce ruwan sama.
Dubi kalmar da kyau, za ki ga fuskarki.
Ruwa namu ne, da shi muka taso daga yamma,
ban san bakin da ya fara furta shi ba.
Sama kuwa aro ce daga Larabcin da kike taƙama da shi.
Rabi guzuri, rabi abin da aka samu a hanya,
kamar ke.

Kakata Tabawa ba ta taɓa karɓar aron ba.
Ruwan bisa take cewa, da harshen Sakkwato.
Da ƙafa ta taho za ta Makka,
damina ta tare ayarinsu a nan,
suka ce bari mu shuka dawa kafin a ɗauke.
Ga shi har yau ba mu gama girbi ba.

Kika ce talauci?
Yayyafi ne ke jiƙa ɗankwali bai jiƙa kitso ba.
Mamako ya wuni, ya kwana, ya hana talaka cin kasuwa.
Marka ce idan bango ya fara gumi.
Wani kuma kamar da bakin ƙwarya,
irin wanda ya cika Hor Abu Farga a dare ɗaya
shekarar da ƙanena Ɗantani ya bi jakinsa.
Ba mu ce ya nutse ba.
Ruwa ya ci shi, muka ce,
don mun san abin da muke sha yana da baki.

Da safe maƙwabta suka zo da gaisuwar damina:
"Yaya ruwa?"
Uwarmu, idonta jawur, ta ce, "Ruwa ya yi gyara."
Amsar ke nan, babu wata.
Ko ya rushe maka ɗaki, gyara ya yi.

Kuma ba a gona kaɗai yake aiki ba.
Ya shiga bashi ya zama kuɗin ruwa,
ya shiga ido ya hana mutum zaɓe.
Mai azumi da shi yake kiran faɗuwar rana.
Wanda ya juya maka baya ma
sai ya ambace shi kafin ya tafi: ba ruwana.

Tahani ta yi shiru tana kankare laka da tsinke.
Can ta miƙa tafin hannu bakin indararo,
ta tara, ta kai baki.
"Wannan fa, Kaka, na tulu ne ko na gajimare?"

Na zare basillata.
Na ce, "Ke kika sha. Ina ruwana?"